Sai Kaka Ta Miƙe

Kafin ku fara yi min ruwan zagi a wurin sharhi, bari in faɗa da bakina. Kishi nake yi da tsohuwar da ta doshi shekara casa'in, kuma tsohuwar nan ita ta haifi mahaifiyata. Na san yadda maganar take a kunne. Ni ma da wata ce ta rubuto haka, cewa zan yi a kai ta a duba mata kai. Amma ku gyara zama tukuna, in na kai ƙarshe sai ku yanke min hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni ce autar Mama, shi ya sa kowa a gida Auta yake ce min, duk da talatin ta fara leƙo ni ta taga. Tun da na gama karatu nake kwana a ɗakin Kaka, ita a kan gado, ni a katifa a ƙasa. Da farko cewa aka yi na ɗan lokaci ne kafin in sami aiki. Ofishin da na fi sa wa rai, da na je bin sawu, matar da ke teburin karɓar baƙi ta ji tausayina ta gaya min gaskiya: an ƙara wa ma'aikata shekarun ritaya, waɗanda ya kamata su tashi duk sun gyara zama, babu kujerar da ta rage. Na dawo na ci gaba da aikin da na ƙware a kai, wato jera ƙwayoyin Kaka a ɗan akwatin nan mai gida-gida, da shafa mata mai a baya, da neman tabaraunta wanda kullum yana kan goshinta.

Gidanmu gidan tsofaffi ne, ba zan ɓoye muku ba. Mama ta haura sittin, gwiwoyinta har ƙara suke yi in za ta tashi daga kan sallaya, amma har gobe Kaka aiken ta take yi, tana mitar yarinyar nan ba ta da hanzari. Kawu, babban ɗan Kaka, ya ba saba'in baya, da furfurarsa da jikokinsa, kuma har yau shi ke buɗe shagonsa da safe, don ya ce in ya zauna wa zai sayi maganinsa da na uwarsa. In ya durƙusa gaishe ta, sai an kama shi yake tashi. Kaka takan ce tata uwar ko arba'in da biyar ba ta cika ba ta rasu, ita kuwa ga ta nan, likita ya ce zuciyarta ta fi ta Kawu lafiya. Allah ya ƙara mata nisan kwana, har zuciyata nake faɗa. Sai dai wani lokaci ji nake kamar duk kwanan da aka ƙara mata, a cikin nawa ake ɗiba. Samarin da suka zo min a baya duk sun gaji da jin Kaka ba ta jin daɗi, ɗaya bayan ɗaya suka sulale.

Bara ta zame a banɗaki, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka yi mata aiki, aka sallamo ta da keken turawa da wani ƙarfe mai ƙafa huɗu da ake dogarawa a koyi tafiya. Asibitin suka haɗa mu da mai gashin ƙashi wanda zai riƙa zuwa gida yana motsa mata ƙafa. Shi ne Dogo.

Sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakinmu, daga nan sunan ya bi shi. Kullum farar riga mai gajeren hannu, baƙin agogo, da jaka cike da robobin ja da ƙananan ƙwallaye. Yakan ce suna makaranta sun zata 'yan wasa za su riƙa gyarawa, sai ga shi duk marasa lafiyarsa sun girmi babansa, aiki kuma ya yi masa yawa har yana mayar da wasu. Lambata ya karɓa don ya riƙa jin yadda ta kwana. Kullum saƙon ɗaya ne, ya mai jiki. Sai wata safiya ina wanke kofuna wayar ta yi ƙara, na duba da jiƙaƙƙen hannu.

"Ke kuma wa yake tambayar jikinki?"

Ku yarda da ni, na fi minti nawa a tsaye famfo yana zuba. Daga ranar zance ya canja. Ba a daɗe ba ya kawo min turare a baƙar kwalba mai murfin ruwan zinare, sannan ya je ya sami Kawu a shago ya faɗi abin da ke ransa.

Kawu bai ƙi shi ba. Ya ce yaro ne mai natsuwa da sana'a a hannu, amma ba za a tsayar da rana ba sai Kaka ta miƙe da ƙafarta. Mama ba za ta iya ɗaga ta ba, shi ma ba zai iya ba, sauran 'ya'yan kowa da ciwon da yake jinya. In ta fara tafiya, sai su riƙa karɓar ta bi da bi, kowane gida ta yi 'yan watanni, ni kuma a sallame ni. Tun daga nan duk abin da na tambaya amsarsa ɗaya ce, sai Kaka ta miƙe. Ni kuwa har murna na yi a lokacin. Wanda yake son aurena shi ne mai aikin tayar da ita, to me zai fi wannan sauri?

Ashe ban san komai ba.

Ranar da Dogo zai zo, tun da sassafe Kaka take tashi na in haɗa mata ruwan wanka. A ciro mata leshi ruwan hoda, ba wancan ba, wanda ke ƙasan akwati. Ta zizara kwalli, ta sa in ɗaura mata ɗankwali, ta kwance, in sake. Saurayina take ce masa, shi kuma ya amsa da faɗin baki. Ni da na ɓata awa guda gaban madubi, na sa doguwar rigata koriya mai aiki a wuya, sallama ɗaya nake samu da ɗan murmushi, ya wuce ni ya durƙusa gaban gadonta. Ya murza tafin hannunsa ya yi ɗumi, ya ɗauki ƙafarta ya ɗora a cinyarsa, yana lanƙwasawa yana miƙewa a hankali kamar ƙwai ya riƙe. In ya ɗago ya kalle ni, zuciyata ta buga, sai in ji ya ce in miƙo masa matashi.

Sannan hira. Tsohuwar da ni ba ta ce min komai sai ruwan ya yi zafi ko ya yi sanyi, a gabansa bakinta ba ya rufuwa. A nan na fara jin wai ta taɓa aiki a masaƙa tana budurwa, wai a keke take zuwa, wai ta taɓa jagorantar mata suka kashe injuna saboda an kori wata mai ciki. Shekara da shekaru ina kwana a gindin gadonta ban taɓa jin ko ɗaya ba. Shi ya yi ta dariya har yana share ido, ni ina tsaye da faranti a hannu. Na rasa wanda nake kishi a cikinsu, shi da ya samu labaran ko ita da ta samu dariyar. Da na gano har saƙon murya yake tura mata da safe a wayar da jikoki suka saya mata, kuma nata yana riga nawa shigowa, ranar ko abinci ban iya ci ba.

Yana da doka a aikinsa. Kada a miƙa wa mara lafiya abin da zai iya ɗauka da kansa, a ajiye kofi nesa kaɗan, a bar shi ya yi ƙoƙari. Na bi dokar nan sau da ƙafa. Amma da an zo wurin tsayuwa, sai Kaka ta kama ƙarfen, ta ɗan ɗago, ta yamutsa fuska, ta ce ƙafar ta ƙi, ta riƙe damtsensa ta koma ta zauna. Shi kuma ya ce ba komai, gobe ma rana ce. Haka watanni suka yi ta wucewa, ƙawayena suna ta turo min katin biki.

Abin da ya riƙe ni shi ne hotunan da ya turo min na gidan da ya kama. A ƙasa yake, babu matakala, ɗaki biyu da falo, ƙofofi masu faɗi. A banɗakin akwai wani ƙarfe mai ƙyalli a jikin bango.

"Wannan na rataye tawul ne? Ai ya yi ƙasa," na rubuta masa.

Ya turo fuskar dariya. "Za ki gani."

Kullum sai na buɗe hotunan nan. A raina na gama jera kujeru, na rataye labule. Ɗaki na biyun nan kuwa, na sa masa ɗan ƙaramin gado mai raga, ba sai na faɗa muku na waye ba.

Ranar Litinin da hantsi na fita sayo maganin hawan jininta. Sai da na kai bakin titi na tuna na bar tsohon kwalin a kan tebur, kuma mai kantin ba ya gane wanda nake nufi sai ya gani. Na juyo. Mama tana can baya tana shanya, gidan shiru. Ƙofar ɗakinmu a ɗan buɗe take, na kai hannu zan tura, sai na tsaya.

Kaka ce a tsaye a tsakiyar ɗaki. Ƙarfen yana can jingine a bango, keken yana inda na bar shi. Ta taka, ta sake takawa, a hankali amma ba tangaɗi, har gaban durowata. Ta jawo, ta ɗaga mayafaina, ta ciro baƙar kwalbar nan, ta fesa a wuya da bayan kunne, ta mayar daidai inda take. Da ma na daɗe ina mamakin yadda turaren yake sauka. Ta koma gado, ta ja bargo, ta gyara fuskar marasa lafiya. Ban san lokacin da na ɗaga waya ba, amma na ɗauki komai.

Aurena ne tsohuwar nan ta zaune a kai, tana fesa turarena. Na koma ƙofar gida na tura wa Dogo bidiyon, na rubuta a ƙasa, ga mara lafiyarka. Na ga ya buɗe. Ya fara rubutu, ya daina, ya sake farawa.

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Ƙafar da ba ta taka ƙasa laushi take yi kamar ta jariri. Dunduniyar Kaka ta yi kaushi, naman ƙwaurinta ya ciko. A hannuna nake riƙe ƙafar nan, Auta, ba za ta ɓoye min ba."

"Ka sani, ka bar ni ina jira?"

"Don Allah kada ki tura wa Kawu. Ki ba ni zuwa Asabar."

Wannan roƙon ya fi komai ƙona min rai. Ni aka cuta, amma ita yake nema wa alfarma. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na kunna bidiyon na sa mata a gaban ido.

Ta sauko da tabarau ta kalla har ƙarshe, ta ce in sake sa mata. Da ya ƙare ta ce ashe haka bayanta ya ranƙwafa, ba wanda ya gaya mata. Ban yi dariya ba. Na tambaye ta me na yi mata da zafi haka. Ta daɗe tana murza zoben hannunta kafin ta yi magana.

"In na miƙe, ke ki tafi, ni kuma a fara yawo da ni gida-gida kamar tabarmar aro. Kowa ya karɓe ni yana ƙirga ranar da zan bar masa ɗaki. Ba laifinsu ba ne, su ma sun tsufa. Duk wanda ya san ni ina yarinya yana ƙarƙashin ƙasa, Auta. Ban san zan daɗe haka ba. Ba wanda ya koya mana yadda ake yi."

Duk da haka fushin bai sake ni ba. Na ce to me ya sa shi take ba labarai, ni da nake wanke ta ban taɓa jin ko na keken zuwa masaƙa ba.

"Kin taɓa tambayata? Ke 'kin sha magani?' kawai kike tambaya."

Ban tura wa Kawu ba. Amma kada ku yi saurin yaba min, ban goge ba. Na ci gaba da yi mata komai ba tare da na haɗa ido da ita ba, turaren kuma na bar shi inda yake, in ga iya gudun ruwanta. Ranar Laraba Dogo ya zo, na sa tsohuwar rigar gida, ko hoda ban shafa ba. Ya ce in ɗan ba su wuri. Ni, a ɗakina, a ba su wuri. Ya tura ƙofa. Ina tsaye a baranda da farantin shayi har ya huce, na ji dariyarta, sannan shiru mai tsawo, sannan ƙarar fyace hanci. Da ya fito ya so ya yi min magana, na ce ina da wanki.

Asabar ce ranar da 'ya'yan Kaka suke taruwa gaishe ta. Kawu ya zo da sandarsa, ƙannen Mama suka zo kowa da jakar maganinta, aka cika falo ana hirar sukari da ciwon baya. An turo Kaka a keke cikin leshin nan ruwan hoda. Dogo yana gefenta. Ni ina kujerar ƙarshe kusa da taga, waya a hannu, bidiyon a buɗe, babban yatsana a kan sunan Kawu. Na riga na yanke a raina, in aka tashi ba a yi komai ba, zan danna.

Dogo ya jawo ƙarfen ya ajiye a gabanta kamar kullum. Ta dube shi, ta dubi ƙarfen.

"Ku matsar min da abin nan."

Ta dafa hannun keken, ta yunƙura, ta miƙe. Mama ta toshe baki da mayafi, Kawu ya hau hamdala. Dogo ya shiga gabanta yana ja da baya, hannayensa a buɗe amma bai taɓa ta ba, idonsa a kan ƙafafunta, sannan a kan fuskarta. Na ga hawaye a idonsa. Ko sau ɗaya bai waiwayo inda nake ba, kuma ko a wannan lokacin sai da na lura da hakan, Allah ya yafe min.

Ta ratsa falon gaba ɗaya har gabana. Ta sa hannu a cikin mayafinta ta ciro baƙar kwalbar ta ajiye min a cinya.

"Ya kusa ƙarewa. Ki ce ya sayo mana wani."

Aka kwashe da dariya, ana cewa tsohuwa ba ta rabo da tsiya. Kawu ya share fuska da hula, ya ce wa Dogo ya turo manyansa mako mai zuwa a tsayar da rana. Ƙannen Mama suka rungume ni. Na yi murna, wallahi na yi. Na shige banɗaki na kulle na yi tsalle kamar ƙaramar yarinya, na goge bidiyon, na ce yau dai na zama mutum.

Da la'asar baƙi sun watse, ina ninke kaya a kan katifata, Kaka tana kan gado tana latsa wayarta da yatsa ɗaya. Saƙonsa ya shigo. Na buɗe ina murmushi.

"Kin tuna ƙarfen banɗakin? Ba na tawul ba ne, na riƙewa ne. Saboda ita na nemi gidan ƙasa mai faɗin ƙofa. Ɗaki na biyun nata ne. Abin da na gaya mata ke nan ranar Laraba, shi ya sa ta miƙe. Na so in fara gaya miki, sai na ji tsoron za ki ce a'a. Za ki yarda?"

Na karanta, na sake karantawa. Gidan da na gama jerawa a raina, ashe da faɗin kekenta aka auna ƙofofinsa. Ina son Kaka, kada wata ta zo ta ce min ba na son ta. Na tuna tabarmar aro. Amma likita ya ce zuciyarta garau take, za ta iya kai ɗari. Na fara lissafin shekarun da zan kai a lokacin, na ji kunyar kaina na daina. Abin da ya kasa barin raina shi ne, ita ya fara tambaya. Ni da za a aura, ni ce ta ƙarshen ji. In na ce a'a, ni ce jikar da ta jefar da kakarta a titi, kuma ban san da wane ido zai sake kallona ba. Na rubuta to, na goge. Na rubuta me ya sa, na goge.

"Auta, zo ki gani," in ji Kaka, tabarau a kan hanci. "Labulen ɗakina, shuɗi zai fi ko ruwan ƙasa?"

Na tashi na karɓi wayar. Ɗakin ne, ɗaki na biyu, inda na ajiye ɗan gadona mai raga. Sai dai wannan hoton ni ba a turo min shi ba. A nata, har an riga an saka gado, an shimfiɗa zanin gado ruwan hoda.

Wayata ta sake ƙara a kan katifa. Kaka ta ɗago tana kallona, tana jiran launi.